Shekarar da Tire Ya Nemi Ƙafata

Ku 'ya'yana, da ku jikokin da ba kwa jin Hausa sai an surka muku da yaren Sango, na san sunan da ake kirana da shi a bayan idona a unguwar Kilomita Biyar, nan birnin Bangi. Alhaji Dunƙule. Da kunnena na ji autarku tana gaya wa ƙawarta wai don rowa aka laƙaba mini shi, wai ko a gidan biki ba na cin abin da ya wuce dunƙulen hannuna don kada ranar nawa bikin a zo a rama. Rowa! Ni Sulaimanu, da tukunyar gidana ba ta taɓa kwana ba ta ciyar da baƙo ba! Raina ya ɓaci ranar, ba zan ɓoye muku ba. To tunda ku ba kwa tambaya, yanke hukunci kawai kuka iya, ku natsu in gaya muku inda sunan ya samo asali.

Kun taso kun ga ina sayar da yadi, amma aikin da aka fi sanina da shi sulhu ne. A kasuwarmu, in 'yan kasuwa biyu suka saɓa, ba a garzayawa wajen hukuma. Dattijo ake kira ya zauna tsakani, a yi ta magana har a daidaita. To amma magana ba ta ƙulluwa da fatar baki. Sai an tafi gidan abinci an kawo tire ɗaya, su biyun da mai sulhu sun sa hannu. Mai sulhu shi ke fara sa hannu, shi ke cirewa a ƙarshe. In kuwa ya janye hannunsa alhali ɗayansu yana ci, ma'anarsa zuciyarsa ba ta kwanta da sulhun ba, akwai wanda aka cuta, magana ta warware ke nan. Ban san wanda ya kafa wannan al'ada ba, mun dai taso mun same ta. Kuma kowanne cikin su biyun, don ya nuna ya ji daɗin hukunci, sai ya riƙa turo wa mai sulhu nama mafi kitse zuwa gabansa, kai kuma ba ka da ikon mayarwa.

Gidan abincin Maman Zenaba muke zuwa, can ta hanyar Kokoro. Kun san ta, Musulma ce haifaffiyar nan, Hausarta ba ta wuce gaisuwa da faɗa ba, sauran duk Sango ne. Tirenta kuwa, kai! Shinkafa tana ninƙaya a mai, gasasshen naman rago a sama, gozo, wato tuwon rogo, a gefe mulmule-mulmule, ga lemon kwalba mai sanyi, a rufe da shayi irin na mutanen Cadi wanda sukarinsa yake kama leɓe. Wata rana sulhu biyu za a yi, wata rana uku, kowanne da tirensa. Wa zai ce wannan aiki ne mai kisa?

Wana, Yaya Ladan, shi ya riƙe kujerar kafin ni. Manyanku sun san shi da sanduna biyu, amma ni na san shi ƙato, in ya yi dariya a bakin kasuwa ana jin sa har masallaci. Ciwon sukari ya kama shi, ya raina, ya ci gaba da zaman tire don ba ya iya ce wa mutane a'a. Ɗan miki ya fito masa a diddige, ya zama gyambo, ƙarshe aka yanke ƙafar daga gwiwa. Ni aka miƙa wa ita a asibiti, naɗe a farin ƙyalle. Ni na kai ta maƙabarta na haƙa rami na binne, mai ita yana kwance yana tambayar ko an kawo masa kunu. Bai daɗe ba shi ma ya bi ta. Sau biyu na binne wana, kuma har yau in na tuna nauyin ƙyallen nan a hannuna sai abinci ya fita raina.

Shekarar da nake son ba ku labarinta ita ce bayan tashin hankalin nan na tsakanin Musulmi da Kirista ya lafa, mutane suka fara dawowa. Wanda ya gudu ya dawo ya tarar da wani a rumfarsa, wanda ya bar kaya ajiya ya tarar babu, maƙwabcin jiya ya zama abin tsoro. Sulhu ya yi yawa har ba na samun zaman shagona. Kullum ina gaban tire. Sai ƙishirwa ta fara damuna, ga yawan zagayawa, ga gajiya. Rannan ina sauka daga mashin ɗin haya, ƙarfe ya ɗan karce mini babban yatsan ƙafa. Abin da yaro ma ba zai yi wa kuka ba. Amma ya ƙi warkewa, ya fara ruwa, gefensa ya fara duhu. Na ɓoye shi cikin safa, a wannan zafin na Bangi, har mahaifiyarku Hajiya Rabi ta kama ni ina alwala. Ta dubi yatsan, ta dube ni.

"Alhaji, tun yaushe?"

"Ɗan karce ne, Hajiya, kada ki tara mini jama'a."

"Haka Yaya Ladan ya ce. Tashi ka sa rigarka."

Ta ɗauki mayafinta ta tsaya a bakin ƙofa. Kun san tsayuwar nan tata. Na tashi.

Likitar da muka samu yarinya ce, ba ta fi sa'ar babbarku ba. Ta auna jini, ta wanke mikin, ta ba da magani, sannan ta tambaye ni abin da nake ci a rana. Da na lissafa mata sai ta ajiye alƙalami ta riƙe haɓa. Ta kama hannuna na dama ta dunƙule shi da kanta.

"Papa, wannan shi ne gozonka ko shinkafarka, kada ya wuce haka." Ta buɗe hannun ta nuna tafin. "Wannan kifinka ko namanka, ban da kitse. Ganye kuwa, ganyen koko ko ngunza, ka cika hannu biyu. Ruwa za ka sha, ba lemo ba. Shayi babu sukari. Ka ci a hankali."

Na ce mata ita ba ta san aikina ba. Ta ce ba ta sani ba, amma ta san yatsu irin wannan.

"In ka ci gaba yadda kake, wannan yatsa ba naka ba ne. Kuma ba ya tafiya shi kaɗai, da ƙafa yake tafiya."

A gida ba a sha wahala ba, don Hajiya ta karɓi maganar kamar an ba ta sarauta. Ta ɓoye gwangwanin sukari inda har yau ban gano ba. Ngunza, ganyen rogon nan da na raina a da nake ce masa abincin ranar babu, ya zama abokina, manja ɗan kaɗan, kifi a kai. Matsalar tana waje. Sulhun farko bayan asibiti na wasu masu albasa biyu ne. Muka daidaita lafiya, aka kawo tire, na ci iya dunƙulena na janye hannu na yi shiru, don a tarbiyyarmu namiji ba ya tallar ciwonsa a bainar jama'a. Suka dubi hannuna, suka dubi juna. Kafin la'asar sun koma zage-zage, kowanne yana cewa ai Alhaji Sule ma ya ga an cuce ni. Magana ta bazu. Wasu suka ce na tsufa, wasu suka ce an ba ni na goro a ɓoye shi ya sa abinci ya ƙi wuce mini. Wannan ta biyun ta ƙona mini rai fiye da mikin. Na tattara na koma gida na zauna, na ce a nemi wani.

Zaman ya yi wa yatsan amfani, duhun ya fara washewa. Ni kuwa ji nake kamar an ajiye ni a sito. Mutane suna wucewa ta ƙofar gida su gaishe ni su wuce, ba mai cewa zo ka ji. Na rame, na zama mafaɗaci, ku da kuke gida lokacin kun sha faɗan da ba ku san dalilinsa ba.

Ana nan sai ga Gaston ya yi sallama. Kirista ne mutumin unguwar Miskin, mai sayar da katako, rumfarsa tana kusa da shagona tun muna samari, ita ti mbi muke ce wa juna, wato ɗan'uwana. Da abin ya ɓaci ya gudu da iyalinsa, ya daɗe bai taka Kilomita Biyar ba. Ya dawo ya tarar da Alhaji Mamman, wani baƙo daga Maraɗi mai kayan roba, a cikin rumfarsa. Shi ma Alhaji Mamman ba ƙwace ya yi ba, kango ya samu babu rufi, mutanen unguwa suka ce ya shiga, ya gyara da guminsa. Samari sun fara taruwa a bayan kowannensu, kuma kowa ya san in aka taɓa Gaston a cikin kasuwa, abin ba zai tsaya a kan rumfa ba.

"Ita ti mbi, ni ban yarda da kowa a nan ba sai kai," in ji Gaston. "In ba ka zauna ba, ba zan zauna ba."

Bayan ya tafi Hajiya ta fito daga ɗaki, ashe duk ta ji.

"Ba za ka je ba."

"Hajiya, jini za a zubar."

"To naka fa? Wallahi Alhaji ba zan karɓi ƙyalle a asibiti ba. Matar Yaya Ladan ta gani, ni ba zan gani ba. In ka ci, ƙafarka. In ka janye hannu a gaban Kirista, a ce ka ƙi cin abinci da shi, gari ya kama da wuta. Ta ina za ka fita?"

Gaskiya ta faɗa. Sai na ce mata zan je, kuma na yi mata alkawari abin da ya wuce dunƙulena ba zai shiga bakina ba. Ta yi kuka, ta ce alkawarin maza a gaban nama ta san shi. Amma da safe ita ta riga ni zuwa wajen Maman Zenaba. Ban san abin da suka ƙulla ba, na dai ga ta dawo ta ba ni gyaɗa kaɗan da ruwa kafin in fita, wai kada in je da yunwa ido ya ruɗe ni.

Maganar rumfa ta ɗauke mu tun hantsi har azahar. Aka yi huci, aka yi rantse-rantse, aka tashi aka zauna. Ƙarshe aka tsaya a kan a raba rumfar biyu, Gaston ya kawo katakon da za a yi shinge, Alhaji Mamman ya bar rufin da ya yi a kan kowa. Muka yi sallah, Gaston yana jiran mu a inuwa, sannan muka nufi gidan abinci. Ban taɓa ganin wurin ya cika haka ba. Samari a bakin ƙofa, samari a taga, 'yan Miskin gefe ɗaya, namu gefe ɗaya, ba mai murmushi. Maman Zenaba ta dire tire da kanta ta juya shi har wani gefe ya fuskance ni. Sauran tiren yadda aka saba ne, amma gabana kore shar, ganyen koko da ngunza, gasasshen kifi iya tafin hannu, da mulmulen gozo guda ɗaya tak. Maimakon lemo ta ajiye mini ruwa. Ta harare ni irin hararar Hajiya ta koma wajen murhunta.

Na yi bisimilla na sa hannu. Na gutsuri gozo kamar mai ba wa kaza, na naɗe shi a ganye, na tauna a hankali, ina jan su da hira, ina yayyaga musu nama ina turawa gabansu don hannuna kada ya bar tire. Na ɗauka dabara ta ci. Ashe Alhaji Mamman yana lura, kuma labarin masu albasa ya riga ya kai masa. Ya murtuƙe fuska. Ya sa hannu ya ɗauko wutsiyar ragon nan mai kitse, ya haɗa da tulin shinkafa, ya turo su har kan ganyena, ya ɗaga murya yadda na taga za su ji.

"Alhaji Sule, tun ɗazu wasa kake da abinci. In har zuciyarka ta yarda da wannan sulhu, ci. In kuma akwai abin da kake ɓoyewa, faɗa mana."

Gaston ya tsayar da lomarsa. Na dubi kitsen nan yana ƙyalli, kuma kada in yi muku ƙarya, yawuna ya tsinke, na yi kewarsa. Raina ya ce ci mana, yau ɗaya ce. To amma na san yau ɗaya ba ta ƙarewa, gobe ma akwai sulhu, jibi ma akwai, haka wana ya yi ta cewa. Hannuna na dama yana cikin tire ban cire ba. Na ɗaga kai na yi magana da Sango don kowa ya ji.

"Akwai abin da nake ɓoyewa, Alhaji Mamman, amma ba a kan rumfa ba ne. Kai baƙo ne, ba ka san Ladan ba. Waɗannan sun san shi. A nan ya zauna, a wannan tabarma, kuka yi ta turo masa nama don ƙauna, bai taɓa mayarwa ba. Ni na binne ƙafarsa. Ciwonsa ne a jikina, ga miki nan a yatsana cikin safa. Sulhun nan na yarda da shi har zuciyata, hannuna ba zai bar tiren nan ba sai kun gama, ko za ku kai magariba. Amma wannan kitse ba zan ci ba. Ba zan ba ku ƙafata ba."

Na ji kunya ta rufe ni, dattijo yana tallar ciwo gaban yara. Ba wanda ya motsa. Naman yana nan gabana, an turo, ba a mayarwa, ba a kuma bari. Sai na ga hannun Gaston ya ratso tire ya kama wutsiyar.

"Rabon ita ti mbi ne, ni zan ci masa."

Wani a taga ya yi gunaguni, don abin da Alhaji Mamman ya bayar ne Gaston ya sa wa hannu. Alhaji Mamman ya dubi hannun, ya dube ni. Sai caraf ya kama ɗaya gefen naman.

"Haba, kai kaɗai? Ni na turo, ni ma da rabona a ciki. Ja mu raba."

Suka ja, kitse ya tsage biyu, mai ya fantsama a rigar Alhaji Mamman. Maman Zenaba ce ta fara fashewa da dariya daga wajen murhu, sai ɗakin gaba ɗaya ya ɗauka, har 'yan taga. Suka raba shinkafar ma, wannan ya ja nasa, wannan ya ja nasa. Alhaji Mamman yana taunawa yana girgiza kai.

"Ka yafe mini, Alhaji. Da ka faɗa tun farko ai da ban matsa ba. Amma wallahi kun iya wahalar da baƙo a garin nan, yanzu cikina ne zai ɗauki naka?"

Suka ci har suka jingina da bango suna nishi. Ni kuwa ina nan da sauran gozona, ina bi a hankali. Da na ga duka biyun sun janye, na ɗauki ganyen ƙarshe na sa a baki, na cire hannuna na ɗaga shi sama kowa ya gani. Aka yi kabbara a gefe ɗaya, aka yi guɗa a ɗayan. Rabona da jin daɗi irin na ranar tun haihuwar babbanku. Na taso cikina ba nauyi, na ƙi hawa mashin, na tako har gida. Hajiya tana bakin ƙofa, labari ya riga ni isowa. Ba ta ce sannu ba.

"Nuna mini hannunka."

Na dunƙule na miƙa mata. Ta riƙe shi da hannu biyu ta yi ta dariya hawaye yana zuba.

Tun daga ranar al'ada ta sauya a kasuwarmu, ba tare da an yi taro an yanke ba. Yanzu in an turo wa mai sulhu nama, masu rigimar ne suke raba shi tsakaninsu, har yara suna zaton haka abin yake tun asali. A wajen Maman Zenaba sai ka ji ƙaton ɗan kasuwa ya rage murya yana cewa a yi masa gefen Alhaji Dunƙule. Ashe da yawansu ciwon yana cin su a ɓoye, jira suke wani ya fara faɗa. Ni kuma na koma kujerata, na ci gaba da shan maganina. Gidan biki, gidan suna, walimar alhazai, ko'ina zuwa nake, ina ci tare da kowa, iya dunƙulena, da ganyena, da ruwana. Ana tsokanata, ina ramawa. Kewar shayi mai sukari kam ba ta bar ni ba har gobe, wannan ba zan musa ba. Yatsan ya warke ya bar ɗan tabo, rumfar nan kuma tana nan da shingenta, jikokin Gaston suna wasa a ƙarƙashin rufin Alhaji Mamman.

To kun ji asalin sunan, sai ku gaya wa autarku ta gyara wa ƙawarta. Kuma ku maza, ranar da Allah ya karɓi abinsa kuka zo wanke ni, ku duba ƙafafuna da kyau kafin ku naɗe. Wana sau biyu aka kai shi maƙabarta. Ni in Allah ya yarda tafiya ɗaya za ku yi da ni, gaba ɗayana, har da yatsan.